Izinin aiki ga baƙi a otal-otal na Birtaniya: kada a ɗaure ma'aikaci da maigida ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ake tafkawa a nan Birtaniya, wadda iskarta ke kaɗawa har gida, wato ko ya kamata gwamnati ta ba baƙi takardar izinin aiki a otal-otal da gidajen abinci saboda ƙarancin ma'aikata. Na zo ƙasar nan karatu a 2013, na fara da wanke tukwane a bayan kicin cikin sa'o'i 20 da doka ta yarje wa ɗalibi a mako, yau kuma ni nake tsara jadawalin aikin masu wanke-wanke da masu kai abinci tebur a wani otal da ke birnin Manchester. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a cikin wata guda mutum huɗu suka kira ni daga gida, biyu daga Zariya, ɗaya daga Kano, ɗaya daga Gombe, kuma duk bakinsu ɗaya: an ce Ingila tana neman ma'aikatan otal, ga dillali ya ce a kawo kuɗi. Matsayina a wannan muhawara shi ne ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, kuma ina goyon bayan a ba baƙi izini, amma da sharaɗi guda wanda idan babu shi gara ƙofar ta ci gaba da zama a rufe. Sharaɗin shi ne takardar ta zama ta ma'aikaci, ya iya ɗaukar ta ya koma wani otal idan aka zalunce shi, kada a rubuta ta da sunan maigida ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya san inda ƙarancin ya samo asali. Tun daga 2004, lokacin da Foland da wasu ƙasashen gabashin Turai suka shiga Tarayyar Turai kuma Birtaniya ta buɗe musu kasuwar aikinta nan take, otal-otal da gidajen abinci na ƙasar nan suka jingina kacokan a kan matasan Turai masu shigowa ba tare da biza ba. Wani bincike da kamfanin KPMG ya yi wa ƙungiyar masu otal a 2017 ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na masu kai abinci tebur, da kashi 37 na masu gyaran ɗaki, da kashi 25 na masu girki, duk 'yan Tarayyar Turai ne. A wannan shekarar ce kuma wata jami'ar Pret a Manger, kamfanin shagunan abinci da kofi, ta shaida wa wani kwamitin majalisa cewa a cikin kowane mutum 50 da ke neman aiki a wurinsu, ɗaya ne kacal ɗan Birtaniya. Sai abubuwa biyu suka haɗu a lokaci guda. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe gidajen abinci da mashaya, dubban ma'aikata suka koma ƙasashensu, wasu kuma suka koma aikin rumbunan ajiya da rarraba kaya, inda ake tashi aiki a kan lokaci. A ranar 31 ga Disamba, 2020 kuma 'yancin shige da fice tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai ya ƙare. Da aka buɗe harkoki a tsakiyar 2021, waɗanda suka tafi ba su da hanyar dawowa, kuma babu sababbi masu maye gurbinsu. A 2022 guraben aikin da ba a cike ba a wannan fanni kaɗai sun haura 170,000, a ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa.

Wannan adadi ni na san shi da jikina. Ba zan manta wata Asabar a watan Disamba na 2022 ba, muna da walimar aure ta mutum 220, kuma a wurin wanke-wanke, inda a da muke sa mutum biyar, mutum biyu ne suka rage. Na cire kwat na naɗe hannun riga na tsaya a bakin injin wanke kwanuka tun ƙarfe shida na yamma. Faranti suna shigowa a tire da guntun nama da miya a jiki, ɗaya yana kankarewa, ni ina jerawa a kwando ina turawa cikin injin, na ukun yana kwashewa da zafinsu yana gogewa, tururi ya cika ɗakin har ba ka ganin fuskar wanda ke gefenka sosai. Kofunan gilashi suka ƙare a zauren biki sau biyu, masu kai abinci suka yi layi a bakin ƙofa suna jira. Ƙarfe uku na dare muka wanke tukunya ta ƙarshe, tafin hannun yaron da ke kankarewa ya yi fari ya tsattsage saboda ruwan zafi da sabulu, kuma ƙarfe bakwai na safe sunansa ne a jadawalin karin kumallo. A cikin watannin nan otal ɗinmu ya rufe hawa guda sukutum, ɗakuna a share, gadaje a shimfiɗe, baƙi suna bugo waya ana ce musu babu wuri, alhali masu sauya zanen gado da wanke bayi ne babu. Saboda haka duk mai cewa masu otal ƙirƙirar kukan suka yi, bai tsaya a bakin injin nan ba.

To amma me doka ta ce? A nan ne nake son 'yan'uwana na gida su buɗe kunne. Tsarin da aka fara a watan Janairun 2021 ya ba da bizar ƙwararrun ma'aikata ga wanda wani kamfani mai lasisi ya ɗauki nauyinsa. Kuku da manajan gidan abinci suna cikin waɗanda suka cancanta a lokacin, amma mai kai abinci tebur, da mai wanke-wanke, da mai gyaran ɗaki, ba su taɓa shiga jerin ba ko da rana ɗaya. Ko a ƙarshen 2021, da gwamnati ta ba da bizar wucin gadi ga direbobin manyan motoci 5,000 da ma'aikatan kaji 5,500, masu otal sun kai kukansu ba a saurare su ba. Bizar aikin kaka da ake bayarwa duk shekara ta masu tsinkar 'ya'yan itace da kayan lambu ce da ta masu aikin kaji, babu otal a ciki. Daga nan ƙofar da ta rage wa masu girki ta yi ta matsewa. Mafi ƙarancin albashin da za a biya baƙo kafin a ba shi biza ya fara daga fam 25,600 a shekara, ya koma 26,200 a 2023, ya yi tsalle zuwa 38,700 a watan Afrilun 2024. A ranar 22 ga Yuli, 2025 aka kai shi 41,700, aka kuma ɗaga matakin ƙwarewar da ake nema zuwa na digiri, lamarin da ya fitar da sana'o'i fiye da ɗari daga jerin, ciki har da girki. Ke nan tun daga wannan rana babu hanyar da otal zai ɗauko sabon kuku daga Najeriya ko Indiya ko Nepal a kan wannan biza, balle mai wanke kwanuka.

Ƙungiyar UKHospitality, wadda ke magana da yawun masu otal da gidajen abinci, ta daɗe tana neman a sassauta, musamman a faɗaɗa bizar matasa ta shekara biyu da ake ba 'yan Ostareliya da Kanada da Japan da wasu ƙasashe ƙalilan, waɗanda Najeriya da Nijar da Ghana ba sa cikinsu. A watan Mayun 2025 Birtaniya da Tarayyar Turai suka amince su tattauna wani shiri makamancin wannan na matasan Turai. Gwamnatin Sikotland ma, wadda ƙauyukanta na tsaunuka da tsibirai suke rayuwa da masu yawon buɗe ido, ta nemi a ba ta bizarta ta daban tun 2020, Landan ta ƙi.

Masu adawa da buɗe ƙofar suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Sun ce yawan waɗanda suka shigo bayan an cire waɗanda suka fita ya haura 900,000 a shekara a 2023, sun ce akwai matasa kusan miliyan ɗaya a ƙasar da ba sa aiki ba sa karatu, sun ce idan aikin otal ba ya samun masu so, to a gyara albashi da sa'o'in aiki. Akwai gaskiya a ciki, domin ni kaina na ga yadda ƙarancin ya tilasta wa masu gida abin da shekara goma ta roƙo ba ta sa su yi ba: aka ƙara kuɗin awa, aka fara ba mutum jadawalinsa tun mako biyu kafin lokaci, aka rage raba wa ma'aikaci yini gida biyu, ya zo da safe, ya yi zaman jira da rana ba biya, ya dawo da dare. Guraben ma sun ragu zuwa ƙasa da 100,000, kodayake wani ɓangare na raguwar saboda wurare da yawa sun rufe ne ko sun rage kwanakin buɗewa, musamman bayan da aka ƙara harajin da maigida ke biya a kan kowane ma'aikaci zuwa kashi 15 cikin ɗari a watan Afrilun 2025. Sai dai matashin da ba shi da aiki a birnin Sunderland ba zai cike gurbin da ke wani ƙauye a yankin tafkuna na Cumbria ko a gaɓar tekun Cornwall ba, inda gidajen haya suka koma masaukin baƙi kuma babu motar haya bayan ƙarfe bakwai na yamma. Haka nan kukun da ya iya girkin Bangladesh ko na Sin ba a yin sa a wata shida. Don haka nake ganin ko ba jima ko ba daɗe, wata gwamnati za ta sake buɗe wata ƙofa, kuma tun kafin ranar ta zo ya kamata a yi maganar irin ƙofar.

Ga yadda izinin aiki yake a tsarin ɗaukar nauyi. Kamfani yana neman lasisi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sannan ya ba ma'aikaci wata lamba, takardar ɗaukar nauyi, wadda mutanenmu ke kira COS. Da wannan lamba ake neman biza, kuma bizar ta wannan kamfani ce da wannan aiki kaɗai. Idan aka kore ka, ko ka ajiye aikin, ko aka ƙwace lasisin kamfanin saboda laifin da ba naka ba, ana rage maka izinin zama zuwa kwana 60. A cikin kwanakin nan dole ka sami wani kamfani mai lasisi da zai yarda ya biya kuɗin sabuwar takarda, ka kuma biya kuɗin sabuwar biza, in ba haka ba ka tattara ka bar ƙasar. Ma'anar wannan ita ce mutum ɗaya ne yake riƙe da albashinka da izinin zamanka da makarantar 'ya'yanka, sau da yawa ma har da ɗakin da kake kwana, domin otal-otal na karkara su ke ba ma'aikata masauki.

Kafin in zo inda nake yanzu na yi aiki a wani gidan abinci tare da wani kuku ɗan kudancin Asiya da aka ɗauko ta wannan hanya. A takarda sa'o'insa 40 ne a mako, a zahiri yana wuce 60, kuma ba a taɓa biyan sa rarar ba. Shi ke buɗe kicin, shi ke rufewa, a gabana ya ƙone damtsensa da man suya ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Wata rana bayan an tashi muna zaune a kan akwatunan lemo a bakin ƙofar baya, na ce masa ya kai ƙara, doka tana bayansa. Ya zaro waya ya nuna mini hoton 'ya'yansa biyu cikin kayan makaranta, ya ce saura shekara biyu ya cika biyar ya sami zaman dindindin, idan ya yi magana yau maigida ya fusata, wa zai ɗauke shi cikin kwana 60? Ni da nake da takardar zama ta kaina, da aka taɓa mini albashi sau biyu sai na ajiye aikin, cikin mako guda na sami wani. Aikinmu ɗaya, kicin ɗinmu ɗaya, dokar ƙwadago ɗaya ce ta rufe mu, amma ni ina iya amfani da ita, shi ba ya iyawa. Wannan bambanci ne ya sa na ce kome kyan dokar albashi, ba ta da amfani ga wanda ba zai iya fita ba.

Ba sai an yi hasashe ba, domin Birtaniya ta riga ta gwada wannan tsari a wani fanni mai ƙaramin albashi, an kuma ga abin da ya haifar. A watan Fabrairun 2022 aka buɗe biza ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, saboda irin wannan ƙarancin. 'Yan Najeriya suna cikin waɗanda suka fi shigowa ta wannan ƙofa, tare da 'yan Indiya da Zimbabuwe da Ghana. Nan da nan takardar ɗaukar nauyi, wadda doka ta hana sayarwa, ta zama haja. Aka yi ta kafa kamfanonin da ba su da tsoho ko ɗaya da suke kula da shi, suna karɓar lasisi suna sayar da lambobi ta hannun dillalai. Gwamnati da kanta ta bayyana cewa tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Sashen binciken BBC na Afirka ya naɗi wasu dillalan a ɓoye a 2025 suna cinikin takardun. A watan Maris na 2024 aka hana masu wannan biza zuwa da iyalansu, a ranar 22 ga Yuli, 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbi daga waje gaba ɗaya. Waɗanda suka ci kuɗin, da yawansu sun rufe kamfani sun buɗe wani da sabon suna, waɗanda suka biya kuwa su aka bari da kwana 60.

Ɗaya daga cikinsu ya same ni. Wani yaro ne ɗan ƙasarmu da aka ba shi lambata a masallacin Juma'a, ya zo ƙofar bayan kicin da yamma ana yayyafi, sanye da rigar sanyin da ba ta kai ta lokacin ba. Ya gaishe ni da ladabi ya ce, Yaya, ko wanke-wanke ne a taimaka mini, ko nawa ne zan karɓa a hannu. Mahaifinsa ya sayar da gona da fili a bakin hanya aka tara wa dillali kuɗi, ya sauka ya tarar kamfanin ba shi da aikin ba shi, bayan watanni kuma aka soke lasisinsa. A ranar ina neman mai wanke-wanke ido rufe, ga shi tsaye a gabana da ƙarfinsa da niyyarsa, amma ba ni da ikon ɗaukar sa, domin bizarsa ba ta yarda da aikin kicin ba, kuma tarar ɗaukar wanda ba shi da izini ta kai fam 45,000 a kan mutum ɗaya a karon farko. Na zuba masa abinci, na ba shi lambar wata ƙungiya mai ba baƙi shawara kyauta, ya juya ya tafi. Har yau abin yana ci mini rai, domin aikin yana nan, mai yin sa yana nan, takarda ce kawai ta shiga tsakani.

Ko a fannin otal ɗin ma an taɓa gwadawa. A 2003 gwamnatin Tony Blair ta ɓullo da wani shiri na ba da izinin shekara guda ga ƙananan ma'aikata a otal da gidajen abinci da masana'antun sarrafa abinci, kuma 'yan Bangladesh da dama sun shigo ta nan. A 2005 aka rufe ɓangaren otal ɗin, kuma cikin dalilan da aka bayar har da yadda aka mayar da shi hanyar cinikin takardu. Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan ciwo, domin duk gidan da yake da wani a Makka ko Jidda ya san ma'anar kafili da iƙama, ya san labarin wanda maigida ya riƙe masa fasfo. Saudiyya ma ta fara sassauta tsarin a watan Maris na 2021, ta yarda ma'aikacin kamfani ya sauya wurin aiki bayan shekara guda, kodayake masu aikin gida ba su shiga ba. A Kanada kuwa, a 2023, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan bautar zamani, Tomoya Obokata, ya yi gargaɗin cewa izinin da aka ɗaure da maigida ɗaya yana share fagen bautar da mutane. Ayalan, maƙwabciyar Birtaniya, wadda har yanzu take ba masu girki daga waje izini, ta gyara dokarta a 2024 yadda ma'aikaci zai iya sauya maigida bayan wata tara ba tare da ya faro neman izini daga tushe ba.

Abin da nake kira a yi, idan ranar buɗe ƙofar ta zo, shi ne izinin ya zama na sana'a. A ba mutum takardar aikin otal da gidan abinci ta shekara biyu ko uku, ya yi aiki a duk inda aka yi masa rajista a wannan fanni, idan ma ana tsoron kowa zai kwarara Landan, a iyakance ta ga yankin da ke da ƙarancin. Gwamnati ta ƙayyade adadi duk shekara bisa shawarar kwamitinta na masana harkar ƙaura, kuma ɗaukar ma'aikatan ya bi ta yarjejeniya tsakanin gwamnati da gwamnati, ana neman gurbi a shafi guda da kowa ke gani, yadda ba za a sami wata lamba a aljihun wani da zai sayar ba. Masu otal za su ce, kuma na ji manajoji suna faɗa, yaya za mu kashe kuɗin lasisi da na takarda, wadda ita kaɗai ta koma fam 525 a 2025, ga harajin horaswa na kowace shekara, sannan mutum ya yi wata uku ya koma wurin maƙwabci? Tambayar tana da nauyi, kuma amsarta ita ce a daina karɓar kuɗin a dunƙule tun farko, a mayar da shi wani ƙaramin kaso da duk wanda ma'aikacin ke yi wa aiki a wannan wata zai biya. Wanda ya riƙe mutum wata uku ya biya na wata uku. Bayan haka, hanyar riƙe ma'aikaci baƙo ta zama irin hanyar riƙe ɗan ƙasa, wato a biya shi daidai, a ba shi hutunsa, a yi masa magana da mutunci. Wannan kuma shi ne zai kare ɗan ƙasar ma, domin abin da ke karya albashi a kicin shi ne kasancewar wani a gefenka wanda ba zai iya cewa a'a ba.

Akwai abin da ya rataya a wuyan hukumominmu na gida. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ita ke ba kamfanonin samar da aiki lasisi, hukumar NAPTIP kuma tun 2003 aka kafa ta don yaƙi da fataucin mutane, amma tallan aikin otal a Ingila yana yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp da Hausa tsantsa, da hoton ɗakin otal mai ƙyalli da lambar waya, ba mai tambayar masu shi. Ga iyaye da matasa kuwa, gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyi a shafinta na intanet, dubawa kyauta ne, kuma tun ƙarshen 2024 an haramta wa kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin takardar ɗaukar nauyi. Duk wanda ya ce a biya shi kuɗin COS ya riga ya karya doka tun kafin a je ko'ina, duk wanda kuma ya ce yana da bizar mai kai abinci ko mai gyaran ɗaki yana sayar da abin da babu shi ne. Ko da wata rana ƙofar ta buɗe, ya kamata mai niyya ya san cewa yawancin kicin a nan ana dafa naman alade, yawancin zauruka ana raba giya, aikin kuma na tsayuwa ne sa'o'i goma, kuɗin hayar ɗaki ɗaya yana iya cinye kusan rabin albashi. Akwai wuraren halal da yawa a Manchester da Birmingham da Bradford, amma mutum ya tambaya tun yana gida.

Mutanen nan huɗu da suka kira ni, uku sun ji magana sun fasa. Na huɗun ya riga ya ba da rabin kuɗin, kuma dillalin ya ce masa ni baƙin ciki nake yi don na riga na samu. Ina roƙon wannan jarida ta tura wakilinta ya bi ɗaya daga cikin waɗannan tallace-tallace tun daga lambar wayar har zuwa ofishin da ake karɓar kuɗin, ya tambayi sunan otal ɗin da lambar lasisinsa, ya kuma buga amsar da aka ba shi.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Manchester, Birtaniya